Shugaban da Ya Hana Shanya

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, sana'arsa zane. Ba zan faɗi sunansa ba, don yana da 'ya'ya, kuma 'ya'yan ba su yi wa kowa laifi ba. A gidansu Auta ake ce masa. Mu ma sai mu kira shi haka.

Hannunsa na da kyau, wannan kam ba a ƙwace masa. Idan ya zana maka fuskar mahaifinka, sai ka ji kamar ka durƙusa ka gaishe shi. Yana da ɗan shago a bakin titi, tsakanin mai gyaran rediyo da mai faci. Kullum rigarsa da ɗigon fenti, kullum bakinsa da dariya.

To a yankinsu akwai wata ƙungiya ta masu aikin hannu: masaƙa, masassaƙa, magina tukwane, masu ɗinkin ado, da masu zane irinsa, daga garuruwa bakwai. Ba ta gwamnati ba ce, kuma ba riba take nema ba. Tana nema wa masu sana'a kasuwa, tana koya wa masu tasowa. Wani bawan Allah ya ba su aron tsohon gini mai ɗaki uku, ofis da ɗakin taro, sai ɗakin ajiya can a ƙurya, mai taga ɗaya.

Wannan ɗakin ajiya shi ne maganarmu, ku riƙe shi da kyau. Duk wanda ya ƙware a sana'arsa yakan kawo aikin da ya fi so a duk rayuwarsa ya ajiye a ciki, don na baya su gani su koya. Bai sayar ba, bai ba da kyauta ba. Amana ya bayar.

A cikin kayan akwai wani ƙyaure na katako, tsawonsa ya fi mutum. Na tsohon masassaƙin da ya kafa ƙungiyar ne, wanda kowa ke ce wa Baba. Shekara huɗu aka yi ana sassaƙa shi. Baba ya ɗauki rabin sama, babban ɗansa ya ɗauki rabin ƙasa. Ɗan ya gama nasa rabin, zazzaɓin kwana uku ya ɗauke shi. Baba ya ƙarasa sauran shi kaɗai. Ba shi da hoton yaron ko ɗaya. Rabin ƙyauren nan shi ne abin da ya rage masa.

Ku da kuke da adaka a ɗaki kun sani, kayan da aka rufe ba a dubawa, ba naka ba ne, na ƙwari ne. Shi ya sa ƙungiyar ta sa wa kanta doka. Asabar ɗin farko ta kowane wata ranar shanya ce. A fito da komai tsakar gida. A warware zannuwa su sha iska, a shafe katako da mai, a kakkaɓe fatu, a share ɗakin tas. Ƙafafun kantocin da ake jera kaya kuwa, kowace a cikin gwangwani take zaune, an cika shi da baƙin mai na mota, don kada gara ta samu hanyar hawa. Man yakan tsotse, gwangwani yakan yi tsatsa ya huje. Dole a duba.

Wa ke dubawa? Shugaba. Haka Baba ya tsara tun farko. Shugaban ƙungiya ne zai sa gwiwa a ƙasa, ya bi ƙarƙashin kantoci da tocila da galan, gwangwani talatin da biyu, ɗaya bayan ɗaya. Idan ya fito da yanar gizo a kansa, ya zauna a tabarma, duk mai tambaya ya yi masa. Me ya sa garinmu bai samu gurbi a baje koli ba? Wa ya zaɓi wane? Hannu na aiki, baki na magana. A nan ake mulkin ƙungiyar, ba a ofis ba. Wa'adin shugaba kuma shekara uku ne, sau biyu, daga nan ya ba wani.

Bayan wasu sun riƙe sun sauka, ƙarfin Baba kuma ya ragu, aka zaɓi Auta. Ba wanda ya ja. Kuma in faɗi gaskiya tsakanina da Allah, shekarunsa na farko ya yi abin kirki. Ya iya magana, ya iya rubuta takarda. Ya samo wa masaƙa zare mai rahusa, ya buɗe ajin koyo ga zawarawa, ya sa aka san sunan ƙungiyar a wuraren da ba a taɓa jin ta ba. Ranar shanya shi ne na farkon zuwa. Yana ƙarƙashin kanta yana waƙa.

Sai aka fara gayyatarsa taruka. Yau wannan birni, gobe wancan. A sa masa kujera mai laushi a gaba, a rubuta sunansa a kati, a tafa masa. Ya daina zuwa shago. Ya ɗinka tufafin da ba a durƙusawa da su.

Ya 'yan uwa, tafi ba haramun ba ne. Amma akwai zuciyar da in ta ɗanɗana shi, ruwa ma sai ya daina yi mata daɗi.

Wata ranar shanya, saura wata biyar wa'adinsa na biyu ya cika, yana ƙarƙashin kanta yana zuba mai, sai ya ji mata a bakin taga suna hira. A cikinsu har da yayarsa, uwa ɗaya uba ɗaya, mai ɗinkin ado ce, bakinta ba ya da murfi. Suna lissafa wanda ya dace ya gaje shi. Wata ta ce maginin tukwanen nan mai haƙuri. Wata ta ce Malama, sakatariyar ƙungiya, tsohuwar malamar makaranta ce. Sai Yaya ta ce, "Ko ma wa aka sa, a dai sa mai ƙaramin ciki. Namu ya fara maƙalewa a kanta ta uku."

Aka yi dariya. Wasa ne, irin wanda ake yi kowane wata. Da can shi ma sai ya leƙo ya rama. Ran nan bai leƙo ba. Ya tsaya cikin duhu da galan a hannu, yana jin dariyar tana shigarsa kamar ƙaya. Ya ce a ransa, ashe duk wahalar da na yi, jira suke in sauka. Ashe wannan shanyar majalisar tsige ni ce.

Wata na gaba ya aika da sanarwa cewa an ɗaga shanya, yana da tafiya. Na gaba da shi ya ce wasu masana sun gaya masa yawan taɓa kayan tarihi da hannu yana lalata su, don haka za a dakata sai an samo safar hannu ta musamman. Safar ba ta zo ba. A wata na uku ya sayo sabon kwaɗo, babba, ya ɗaura a ƙofar ɗakin ajiya. Da can makulli uku ne, ɗaya wurin shugaba, ɗaya wurin Malama, ɗaya wurin Baba. Yanzu ya zama ɗaya, yana aljihunsa.

Tunda babu shanya, babu haɗuwa. Mutanen garuruwa bakwai, kowa da sana'arsa da iyalinsa, wa zai biya mota ya zo ya tarar da ƙofa a rufe? Sai ya kira taron kwamiti ranar Talata da hantsi, lokacin da ya san masu sana'a na bakin aiki. Waɗanda suka zo mutum biyar ne, huɗu shi ya shigo da su. Suka ɗaga hannu, aka goge maganar wa'adi daga tsarin ƙungiya. Malama kaɗai ta ƙi ɗagawa. Ta rubuta abin da ya faru a littafin taro.

Yaya ta same shi a ofis. Ta shiga ba ta jira an yi mata iso ba, ta zauna a kan teburinsa.

"Auta, ba ni makulli in duba mayafina."

"A nan ofis ne, Yaya. Shugaba ake cewa."

"Shugaban wa? Ni da na goya ka kana jiƙa mini zani? Wata takwas ke nan ba a buɗe ɗakin nan ba. Ga damina ta kama."

"Komai na nan lafiya. Ina dubawa."

"Da wannan rigar? Nuna mini gwiwarka."

Bai nuna ba. Ya ce yana da baƙi, ya sa hannu ya buɗe mata ƙofa. Ta tsaya ta dube shi ta ce, "Da Inna na raye da ba ka yi wannan ba." Ta fita.

Bayanta Baba ya zo. Idonsa ya fara yana, likita ya ce masa ba a jima ba zai rufe. Ya hau mota tun daga garinsu, tafiyar awa biyu, ya zauna a bencin ƙofar ofis har aka ba shi izini. Mutumin da ya kafa wurin da hannunsa.

Ya ce, "Ɗana, ba maganar kujera ta kawo ni ba, ka riƙe abinka. Idona ne ke tafiya. Ina so in ga aikin yaron nan sau ɗaya tun ina gani. Minti biyar ya ishe ni."

Me zai rage shi da ya tashi ya buɗe? Taku goma sha biyu ne daga teburinsa zuwa ƙofar. Amma ya lissafa. In na buɗe wa Baba yau, gobe Yaya za ta zo, jibi kowa ya zo, shanya ta dawo, tabarma ta dawo, tambaya ta dawo. Sai ya shafa aljihu ya ce, "Kash, Baba, na baro makullin a gida. Ka dawo mako mai zuwa."

Makullin na aljihun da ya shafa.

Baba ya dawo mako na gaba, aka ce Shugaba ya yi tafiya. Ya sake dawowa, aka ce yana taro. Karo na huɗu 'yarsa ce ta riƙo masa hannu. Daga nan bai sake zuwa ba.

Damina ta wuce, rani ya wuce, wata daminar ta shigo. Wata rana Malama ta ce masa, "Shugaba, in na zauna shiru a ofis ina jin wani abu ta bangon nan. Kamar yayyafi a kan busasshen ganye. Ga wani wari kuma." Ya ce ɓera ne, zai sa a kawo magani.

Amma maganar ta tsaya masa. Ranar Lahadi da rana, ba kowa a ginin, ya zo shi kaɗai ya buɗe. Wari ya buge shi. Ya haska tocila. Rufin ya tsage ta kusurwa, ruwa ya bi bango. Gwangwanaye sun bushe ƙaf, wasu sun huje. Ga hanyoyin gara, jajaye, sun hau ƙafafun kantoci uku na gefen taga. Zannuwan da ke ƙasa sun yi fumfuna.

To ku saurara da kyau, 'ya'yana, don nan ne wurin da nake so ku tsaya. A ranar nan ba komai ne ya lalace ba. Kantoci uku ne cikin takwas. Ƙyauren Baba na jingine a ɗaya bangon, garar ba ta kai gare shi ba tukuna. Da ya fita ya kira mutane ya ce, jama'a na yi kuskure, ku zo mu ceci abin da ya saura, wallahi da kafin la'asar tsakar gidan ta cika. Za su yi faɗa, za su sauke shi, Yaya za ta wanke shi tas. Amma da an ceci fiye da rabi.

Allah ya nuna masa da idonsa. Ya ba shi dama a fili, da rana tsaka.

Ya tsaya ya auna kayan mutane da kujerarsa. Ya ce bari in samo ma'aikata daga wani gari su gyara a ɓoye. Ya ja ƙofa, ya mayar da kwaɗo. Ma'aikatan bai nemo su ba, don tsoron kada su yi surutu. Kullum sai ya ce gobe. Daga baya ko kallon ƙofar ba ya iya yi, in zai wuce sai ya kau da kai. Ya sa aka jingina allon sanarwa a jikinta. Matarsa ta ce abinci ya daina zama masa, ya rame, abu kaɗan sai faɗa. Duk da haka in aka kira taro zai je, ya hau mumbari ya yi bayani a kan adana kayan gado, a tafa masa.

Wata bakwai ya ƙara a haka.

Ran nan da safe, wata Asabar, ya iso ofis ya tarar da Baba zaune a ƙasa a ƙofar ɗakin ajiya, an kawar da allon. Idon ya rufe gaba ɗaya. 'Yarsa na gefensa. Yaya na tsaye, Malama na tsaye, bayansu mutane sun kai sittin, daga duk garuruwan bakwai. Ba wanda ya ɗaga murya. Wasu ma da tsintsiya suka zo, wasu da galan ɗin baƙin mai.

Baba ya ji takunsa ya gane. Ya ce, "Ɗana, gani kam ya wuce, ban samu ba. Amma hannuna na nan. Ka bar ni in shafa."

Auta ya fara cewa makulli, sai Yaya ta ce, "Yana aljihunka na dama. Tun kana yaro in ka ɓoye abu nan kake dafewa."

Ya ciro. Malama ce ta karɓa ta buɗe.

Ba zan iya kwatanta muku abin da aka gani ba. Kantoci sun durƙushe a kan juna. Jar ƙasa ta hau bango har rufi. Wata masaƙiya ta ɗaga zanen da uwarta ta saƙa, ya zube ta tsakanin yatsunta. Mayafin Yaya, ɗinkin shekara biyu, abin da ya rage bai fi tafin hannu ba. Tukwane kaɗai suka tsira, su ma waɗanda kanta ba ta faɗo musu ba.

Amma ƙyauren na tsaye. Daga bakin ƙofa ka ce ba abin da ya same shi, duk zanen na nan. 'Yar Baba ta ce, "Baba, naka na nan, Alhamdu lillahi." Ta ja shi har gabansa.

Ku da kuka san gara kun san yadda take yi wa katako. Ciki take ci, ta bar maka fatar waje.

Tsohon nan ya durƙusa, don rabin ƙasa yake nema. Ya ɗora tafinsa a hankali, yana bin sassaƙar da yatsa. Ya ce, "Ga shi nan. Nan ne wuƙa ta zame masa, ya mayar da wurin ganye." Ya ɗan danna don ya ji zurfinta. Hannunsa ya shige ciki har wuyan hannu. Sai ƙasa ta fara zubowa, shuuu, a kan gwiwoyinsa, rabin ƙasan ya rufta, na saman ya biyo shi.

Ba wanda ya yi motsi. Baba ya daɗe a durƙushe da ƙasa cike da hannunsa. Can ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau na binne shi sau biyu." Ya juya wajen da yake jin numfashin Auta ya ce, "Ranar da na fara zuwa, da sauran idona, yana nan lafiya?"

Auta ya ce, "Yana nan, Baba."

"Makullin fa?"

"Yana jikina."

Baba ya gyaɗa kai. Ya ce wa 'yarsa, "Tashe ni mu tafi gida."

Ba a doke shi ba, ya 'yan uwa. Ba a kai shi kotu ba, ba a ma yi taron sauke shi ba. Kowa ya tsinci abin da zai iya tsinta na iyayensa, ya ƙulle a gefen zani, ya fita. Malama ta ajiye littafin taro a kan teburinsa. Kafin azahar ginin ya zama ba kowa sai shi.

Ya ci gaba da zuwa ofis kusan wata biyu. Ya zauna a kujerar, ba mai shigowa. Ya kira taro, waɗanda ya shigo da su ma ba su zo ba. Masu gayyata suka ji labari, katin ya daina zuwa. Ajin zawarawa ya watse. Mai ginin ya karɓi abinsa ya zuba buhunan siminti. Ƙungiyar da aka yi shekara ashirin da shida ana ginawa ta mutu, kuma har yau in ka ce wa masu sana'ar yankin su kawo aikinsu a adana musu, sai su yi murmushi su ce a'a, mun gode.

Baba bai kai ƙarshen shekarar ba. Auta ya je jana'iza, ya tsaya a sahun baya. Ya so ya nemi gafara tun tsohon na raye, sau biyu yana zuwa har bakin layinsu, kunya ta mayar da shi. Waccan goben ma ba ta zo ba.

Ya koma neman shagonsa, ya tarar an ba mai sayar da waya. Yanzu a baranda yake zama yana rubuta lambar gida da allon shaguna. Fuska kam ya daina zanawa, ya ce in ya ɗauki buroshi fuska ɗaya ce ke zuwa masa. Yaya na aika masa da abinci duk Juma'a, don jini ba ya tsinkewa. Amma ba ta sake yi masa wasa ba. Ya taɓa gaya wa wani cewa da za ta zage shi sau ɗaya irin na da, da ya ji sauƙi.

To me ya kashe mutumin nan yana raye? Bai ci kuɗin kowa ba. Bai sha giya ba, bai nemi matar wani ba, sallarsa ba ta wuce shi. Abin da ya yi, an ba shi riƙo ya ɗauka mallaka ce. Ya ji tsoron tambayar mutane sittin a kan tabarma, ya manta da tambayar da za a yi masa shi kaɗai, ranar da ba kwamitin da zai ɗaga masa hannu.

Kada ku ce wannan na masu manyan kujeru ne. Ke mai riƙe da ƙungiyar matan unguwa, kai shugaban 'yan kasuwar layinku, kai da aka ba kwamitin makaranta ko na masallaci, har ke uwar gida da marayu ke hannunki, kowa akwai ɗakin da aka ba shi ya kula. Yaushe rabonka da ka buɗe a gani? In an tambaye ka, ranka ɓaci yake yi? In lokacinka ya cika, za ka iya miƙawa da hannunka kana murmushi?

In kuwa ka riga ka leƙa ka ga ɓarna, don Allah kada ka ja ƙofa. Kira mutane yau. Kunyar yini ɗaya ce, za ta wuce, kuma Ubangijinmu Mai karɓar tuba ne. Abin da ka rufe ba zama yake yana jiranka ba, ci ake yi.

Ya Allah, kada Ka ɗora mana abin da za mu so shi fiye da amanar da ke cikinsa. Ka ba mu shugabanni masu iya durƙusawa, Ka ba mu masu gaya mana gaskiya, Ka ba mu kunnen jin ta tun da sauran lokaci. Ka jiƙan tsohon nan da ɗansa, Ka haɗa su inda ba abin da ke lalacewa. Shi ma wancan bawa naKa, Ka yafe masa, don ya ɗanɗana tun a nan.

Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu. Amin.